Wanda Zai Ce Na Bayar Ran Juma'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ki, ɗiyata, tare da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan Kawunki Sani a Kurfi, da kakarki Inna tsohuwa da ciwon ƙafarta. Allah Ya tsare ku, Ya tsare hanyar da ke tsakaninmu, Ya sa a yi bikin nan a watse lafiya. Ni ma lafiya lau nake a nan Dutsin-Ma, in aka cire abin da zan faɗa miki.

Kada ki yi dariyar rubutun. Kin san allo kaɗai na yi, bokon nan a kan waya na tsince shi da girmana, harafi bayan harafi. In kin ga kalma ta karkace, ki miƙar da ita a ranki ki wuce. Da ajami ne da na burge ki, to ke kuma ajami sai kin haɗa gumi. Na so in aiko miki saƙon murya, na danna na fara, ban kai ko'ina ba na ji muryar ta suɓuce ta koma tawa ta kullum, ta Lawai Zolaya, har na soma kwaikwayon tarin Inna. Na goge. Bakina ba ya iya zama wuri ɗaya, shi ya sa na sayi takarda da biro, su ba su san wasa ba.

Saƙonki ya iso ni ta bakin Auwalu, angon naki. Ya zo rumfar facina a bakin tasha, ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe ni gaisuwar suruki, 'yan acaɓa na ta ƙyafta wa juna ido. Ya ce kin ce ran Juma'a, in an zo ɗaurin aure, ni kike so in zauna gaban liman a matsayin waliyyinki in ce na bayar. Kin ce in ban yi ba, kin gane na sake ƙin ki, kuma kada in neme ki a Kaduna. Kansa a ƙasa ya faɗa, kamar shi ya yi laifin. Yaron kirki ne, kin iya zaɓe. Na ce ya je, amsa za ta biyo shi. Ga ta nan, amma sai kin yi haƙuri na zagayo ta inda zan iya.

Na san inda kika samo wannan tunanin. Littafin nan ne da ake karantawa a waya kashi kashi, wanda matar nan mai murya kamar tana mura take karantowa. Kada ki ɗauka ku kaɗai kuka saurara. A rumfata aka ji shi daga farko har ƙarshe, don ni ke da lasifika. Wani ɗan acaɓa ya turo min, ban san abin da ke ciki ba na kunna, kafin in farga mutane sun saba, kullum bayan azahar benci ya cika. Yaro ɗan sakandare ya yi wa yarinyar unguwarsu ciki, ya gudu Legas, ya sha wahala, ya yi kuka a ƙarƙashin gada, ya dawo da mota, ya durƙusa ya nemi gafara. A kashin ƙarshe ɗiyar ta girma, ya zauna cikin masallaci da babbar riga ya ba da aurenta da bakinsa, kowa na share hawaye. Na ji shi duka, ina kankare tub ina shafa gam.

Da kin ga yadda aka yi ta kai ruwa rana a kansa. Alhaji Mamman mai sayar da tayoyi ya ce littafin lalata yara yake, a tattara a ƙone. Na ce Alhaji, ai a cikin waya yake, sai dai a ƙone wayoyin, mu fara da taka tunda ta fi tsada. Ya zage ni, amma bai taɓa fashi ba, shi ne ma ke zuwa da kujerarsa, in an makara ya ce Lawai kunna mana shirmen nan mu ji inda ya kwana. Malam Habu na firamare ya ce littafi ne na tarbiyya, kamata ya yi a karanta wa yara a aji su ji tsoro. 'Yan acaɓa kuwa yaron suke so. A wurinsu jarumi ne, tunda ya dawo. Ɗaya daga cikinsu, wanda gemu bai gama fito masa ba, ya ce ai ko shi ne haka zai yi, ya tafi ya yi kuɗi tukuna. Ban ji wanda ya tambaye shi me zai hana kada a kai ga cikin tun farko ba.

Maman Joy, mai abincin nan da ke gefen rumfata, ba ta cika sa baki ba. Ranar da ta sa, cewa ta yi marubuciyar ta ba yaron littafi guda ya yi kuka a ciki, yarinyar kuma ta ba ta ɗan lungu. Ta ce duk lokacin da yake can yana nadama a ƙarƙashin gada, wa ke wanke tsumman jaririyar, wa ake nunawa da baki in ta fita ɗebo ruwa? Tukunyarta take kallo da ta faɗa, ba ni ba. Ba wanda ya kalle ni a bencin nan. Kowa ya sani, kin gane, shi ya sa ba wanda ya kalle ni. Ni kuwa na tashi na kunna injin iska, alhali ba tayar da ke jira.

Kashin ƙarshe shi ya raba kan rumfar. Malam Habu ya yi ta goge ido da hularsa. Wani ɗalibin ilimi da ya kawo facin kekensa ya ce auren nan bai ɗauru ba, wanda ya haifi ɗiya ba ta hanyar aure ba, ba shi da walicci a kanta, marubuciyar ba ta tambayi malamai ba. 'Yan acaɓa suka yi masa ca, suka ce mutum ya tuba kuma a hana shi. Aka yi ta ja. Can sai Alhaji Mamman ya juyo, ban sani ba ko mugunta ce ko mantuwa, ya ce, “Lawai, kai me ka gani?”

Kin san abin da na yi? Na toshe hanci na maƙe murya irin ta matar, na ce masu sauraro mu haɗu a littafi na gaba. Rumfa ta ɗauki dariya, aka watse. Watan jiya aka yi wannan, ba da can ina yaro ba. Na gaya miki ne don ki san irin mutumin da kike so ya zauna gaban liman.

A ƙarƙashin karatun akwai inda mutane ke rubuta ra'ayinsu. Ina bi a hankali, don karatuna na tafiyar tsohuwa ne. Wata ta ce Allah Ya ba su maza irin yaron nan. Wani ya ce a kama marubuciyar. Wata ta ce ta yi kuka har mijinta ya karɓe wayar. Wata ta ce ita ƙanwarta abin ya faru da ita, kuma har yau ba wanda ya dawo da mota. Ina cikin bi sai na ga sunanki. Kin rubuta cewa kowa na magana kan yaron da yarinyar, ke ɗiyar kike ji, ko a ƙarya ne dai ta samu wanda ya tashi tsaye dominta a gaban mutane. Na karanta na sake karantawa, ko Allah zai sa rashin iya bokona ne. Ba shi ba ne.

To bari in ba ki nawa littafin. Babu Legas a ciki, babu mota.

Ina da shekara goma sha bakwai, mahaifiyarki Murja ba ta kai ni ba. Gidanmu na bayan nasu, kuma a zauren kakanki Malam Ilu nake karatu tun ina ƙarami. Duk Kurfi an san ni. Ni ne na ɗaure rigunan gardawa biyu suna barcin rana, ni ne na sa kwaɗo a butar ladan, ni ne na tsaya bayan katanga da muryar mai unguwa na tara magidanta wai ana neman su, suka zo suka zauna suna jiran mutumin da ke can Barkiya wajen jana'iza. Murja ba ta da yawan magana. In ta fito da tallar gyaɗa fuskarta a ɗaure, sai na ɗaukar wa kaina cewa sai na sa ta dariya. Na yi tafiyar babanta, na yi tsawar yayanta Sani, na yi ta yi har ranar da ta ajiye faranti ta riƙe ciki. Daga ranar ba ta ƙara jin tsorona ba, kuma da ta ji tsoron da ya fi mana. Ban taɓa ce mata ina sonta ba, ban taɓa ce mata zan aure ta ba. Dariya kawai na ba ta, ita kuma ta ɗauka alkawari ne.

Ki riƙe wannan ko don 'ya'yan da Allah zai ba ki. Iyaye na tsare 'ya'yansu daga mai mugun ido da mai kuɗi, su bar mai ban dariya ya shiga ya fita, wai ai wane ne, ba ya cutar kowa. Inna da kanta ke zubo min tuwo in na shiga gidan.

Da ciki ya fito, aka yi duka aka yi lallashi, Murja ta ƙi faɗin suna. Aka tara dattawa a zauren Malam, da mai unguwa, ana shawarar yadda za a yi. Na daɗe a bakin ƙofa, sannan na yi sallama na shiga na durƙusa na ce ni ne. Wallahi na faɗa, ɗiyata, wannan kam na faɗa. Amma ni haka Allah Ya yi ni, in tsoro ya kama ni baki ne ke buɗewa, haƙora su fito. Mai unguwa ya dube ni ya ga haƙora, ya ce Lawai tashi ka fita, yau ba ranar shirmenka ba ce. Wani dattijo ya ce yaron nan ko a maƙabarta sai ya yi wasa. Wani ya wurgo min takalmi. Har an ɗan yi dariya, irin ta mutanen da suka gaji.

Malam kaɗai bai yi ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya dube ni kamar yadda yake duba na in na ci gyara a hadda. Ya ce, “Lawai, da gaske kake?”

Na san Murja na bayan katangar tana ji, don na ga gefen zanenta ta ƙofar cikin gida. Na ce, “Wasa nake, Malam.”

Ya ce to tashi ka je. Na tashi na je.

A littafi yaron gudu ya yi, masu karatu suka yafe masa don ya ji tsoro. Ni ban gudu ba, na zo har wurin, aka buɗe min ƙofa da dariya na bi ta ciki na fice. Da duka aka yi min ranar, da na tsaya. Dariyar ce ban iya tsayawa a gabanta ba, don ita kaɗai na sani. Saboda haka in Auwalu ya zo miki da magana mai nauyi yana murmushi, ki bari murmushin ya ƙare ki sake tambayarsa, kuma kada ki taya shi sauƙaƙa ta. In ke ce ke da maganar, ki faɗa, in an yi dariya ki jira a gama ki maimaita. Karo na biyun nan shi ne maganar, na farko kowa na iyawa.

Ranar sunanki ba a yanka rago ba, ba a raba goro ba, ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba. Inna ce ta ɗauke ki a ɗaki ta raɗa miki suna a kunne, daga ita sai ungozoma. Ni ina bakin madatsar Zobe wajen masunta, ina ba su dariya suna ba ni kifi. Daga nan ban koma Kurfi da zama ba. Malam ya daina jan sallah a masallacin unguwa, ba wanda ya hana shi, shi ya ja baya da kansa. Iyaye suka dinga zare 'ya'yansu daga zauren ɗaya bayan ɗaya. Bayan an yaye ki malamai sun ce da na fito da an ɗaura mana aure da Murja, ko ba komai a rufa abin da ya saura. Ban fito ba. Wani bawan Allah daga Kutawa ya fito, ta amsa da kanta tun kafin a gama tambayarta, don ta gaji da titunan Kurfi. Aka bar ki wajen Inna da Kawu Sani. Daga ranar zauren nan har yau mahaifiyarki ba ta ƙara ce min uffan ba. Mun taɓa haɗuwa a asibiti a nan Dutsin-Ma, na gaishe ta, ta amsa wa matar da ke bayana.

Ki dinga zuwa wurinta, ko ta waya ce. Na san kina riƙe da ita a rai, kina cewa ta tafi ta bar ki, ni kuma ina zuwa da alewa. Alewa ba ta da nauyi. Ita ta ɗauki cikin, ita ta sha dukan, ita ta rufe bakinta a kan sunana lokacin da faɗinsa zai rage mata zafi. In akwai wanda ya tashi tsaye dominki a labarin nan, a Kutawa take.

Akwai wani abin da ba na jin kin taɓa lura da shi. Kin san a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, alkunya ce. Sai ya ce yarinyar nan, ko ya laƙaba wani suna. Ni kuwa ranar kasuwar Kurfi in na zo, daga nesa nake ƙwala miki kira da cikakken sunanki, har da waƙa, kina gudu kina zuwa. Kin ɗauka so ne. Akwai so a ciki, amma ba shi ya sa nake ɗaga murya ba. Ina yi ne don 'yan kasuwa su ji su ce ai da ɗiyarsa ce da bai kama sunanta haka ba. Da sunanki na dinga wanke kaina a bainar jama'a. Shi ya sa tun daga saman takardar nan ban rubuta shi ba, ko da yake na san alkunyar ta zo a makare.

Kina tuna ranar da kika tambaye ni a rumfar mai rake? Ba ki fi shekara bakwai ba. Wata yarinya ta gaya miki magana a islamiyya, kika zo kika riƙe min riga a gaban mutane kika ce wai ni ne babanki. Na ɗaga ki sama na ce ai ni baban kowa ne, har jakin can ɗana ne, ga kunnuwan nan iri ɗaya. Aka yi dariya, ke ma kika yi, don yaro in ya ga ana dariya yi yake. Da na sauke ki ba ki karɓi raken ba. In ɗanki ya tambaye ki abu, ɗiyata, ki sauko daidai tsawonsa ki ba shi amsa, ko amsar ita ce ba yanzu ba. Yaro na yafe duka, amma ba ya manta ranar da aka mai da tambayarsa abin dariya.

Sai bayan rasuwar Malam na iya zuwa wajen Sani na faɗa masa ba haƙora a waje. Yana gyaran garma bai ko ɗago ba. Ya ce ai duk Kurfi an sani tun kina zanen goyo, kamannin ba su ɓuya ba, wanda ya jira ya ji daga bakina yana maƙabarta, in je can in faɗa. Ya bar ni ina zuwa ganinki, bai hana ba, kuma na gode masa. Amma shi ya saya miki littattafai, shi ya kwana da ke a asibiti da kika yi ƙyanda, shi ya je makaranta ya yi faɗa da aka kira ki da sunan nan da ba zan rubuta ba.

Yanzu ga amsar. Da Auwalu ya tafi na rufe rumfa na hau babur zuwa Kurfi wajen liman. Ban ɓoye masa komai ba. Bai yi min faɗa ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce Lawai, jini naka ne, ba mai musu, amma walicci ba naka ba ne, yana hannun wanda ya riƙe ta ya raine ta. Ya ce ko shi ya kau da kai, a cikin sahu ba za a rasa wanda zai miƙe ya yi magana ba, kuma kalmar da aka yi shekaru ana faɗa a bayan ido za a faɗe ta da ƙarfi a masallaci, gaban dangin ango da suka taso daga Kaduna. Ya ce ko ba wanda ya miƙe ranar, duk randa aka samu saɓani a gidanki wani zai ce dama auren bai ɗauru daidai ba, sai maganar ta gangara kan 'ya'yanki.

Ban haƙura ba. Na wuce Wurma wajen wani malami da ake cewa yana da sassauci, na bi hanyar nan da kowa ke tsoro, ina fatan in ji wata amsa. Ya ba ni fura, ya ba ni amsa iri ɗaya. A hanyar dawowa har wata dabara ta zo min, irin tawa. Na ce in zauna bayan Sani a sahu, in liman ya tambaya in riga shi, in ce na bayar da muryarsa. Kin san na iya muryar Sani fiye da Sani. Na yi dariya ni kaɗai a kan babur, sannan na tsaya a gefen hanya na daɗe ban iya tayar da shi ba. Shekara talatin da biyar, abin da kaina ke iya kawowa ke nan a kan auren ɗiyata.

Masu karatu na iya raba kansu biyu a kan ƙarshen littafin, su yi musu su tashi su sha shayi. Marubuciyar ta rufe littafinta a bakin masallaci, ba ta bi amaryar zuwa gidan miji ta ga abin da dangi za su ce bayan shekara ba. Ban ga laifinta ba, ta ba mutane abin da suke so su ji, ni ma sana'ata ke nan tun ina yaro. Amma ke ba a bakin masallaci za ki tsaya ba, gidan za ki shiga ki zauna.

Ba zan zauna gaban liman ba. Ba zan ce na bayar ba.

Akwai saura. Maganar da kika aiko min ta kai kunnen Sani kafin ta kai nawa. Kin san shi. Ya ce tunda Zolaya kike so, Zolaya ya bayar, shi ya cire hannunsa, ba zai ma je masallacin ba. Ban sani ba ko an gaya miki, ko ana ɓoye miki don kada ki yi ta kuka cikin lalle. Shekaranjiya na same shi a gona. Na durƙusa a cikin kunya, ƙasa na shiga min takalmi, na ce yarinya ce, littafi ta saurara, laifin nawa ne ba nata ba. Ya bar ni a durƙushe ya kai ƙarshen kunyar ya dawo. Ya ce zai yi, ba don ni ba. Amma da sharaɗi: daga ranar Alhamis har a fita da amarya, kada ƙafata ta taka Kurfi. Ba masallaci, ba ƙofar gida, ba bakin kasuwa. Ya ce ba ya son ranar mutane su dinga waiwaye suna neman fuskata.

Na ce na yarda.

Don Allah in kin gama karanta wannan ki tashi ki same shi, ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Kada ki ce ni na sa ki. Mutumin nan ya cancanci ya ji daga bakinki cewa shi kike so ya bayar da ke, ko a ranki ba haka ba ne yau. Wata rana zai zama haka.

Sauran kaɗan ne. Auwalu ya san komai, amma ki tabbata mahaifiyarsa ta ji daga gare ku, kada ta tsinta a bakin 'yan biki. In wata rana an jefe ki da kalmar nan a gidan miji, kada ki yi dambe, kada kuma ki yi dariya don a ce kin waye. Ki ce eh haka ne, ba ni na yi ba, ki ci gaba da aikinki. Ki riƙe sallah a kan lokaci. Ki ci gaba da karatun littattafanki, ban hana ba, amma ki dinga tambayar kanki wa aka bari a lungu. Ku fita da wuri ran Asabar, kada la'asar ta same ku a hanya, kin san yadda dajin nan ya zama. Auwalu ya ce ta Dutsin-Ma za ku biyo. Ban ce ku tsaya ba, motar amarya ba ta tsayawa a rumfar faci, kuma Sani zai ji.

Kin ce in ban yi ba kada in neme ki a Kaduna. Ba ni da bakin da zan ce ki janye. In kin tsaya a kan maganarki ba zan zo ba, ba zan aiko ba, ba zan sa Auwalu a tsakiya ba. Gara ki tafi kina fushi da ni da aure mai ƙarfi, da ki tafi kina murna da ni da auren da kowa zai iya sa wa yatsa.

Ran Juma'a a masallacin tasha zan yi sallah. In an sallame zan zauna inda nake, mutane su gama fita, har in ƙiyasta liman ya gama siga a Kurfi an ɗaga hannu. Sai in ɗaga nawa daga nan.

Allah Ya kai ki ɗakinki lafiya, Ya tsare motar da direbanta da duk wanda ke ciki. Allah Ya sa gidan ya karɓe ki, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya ba ki 'ya'yan da za a yanka wa rago a tara mutane a faɗi sunan ubansu da ƙarfi. Allah Ya jiƙan Malam, Ya saka wa Sani da Inna da Murja da alheri. Ki gaida Inna, ki ce mata ta dinga shafa maganin ƙafar.

Wassalamu alaikum.

Ni ne,
Lawai mai faci,
bakin tasha, Dutsin-Ma.